Tunkiya ɗaya, ɗaurin rai da rai

Wata huɗu na yi a gidan da nake haya a Hobart, babban birnin tsibirin Tasmaniya da ke ƙasar Ostareliya, kullum ina wuce wata takarda da aka sa a gilashi aka rataye kusa da ƙofar kicin, ban taɓa tsayawa na karanta ba. Rubutun mutanen da ne, a kwance, a cunkushe kamar jerin tururuwa. Na ɗauka takardar filin gidan ce. Sai ran nan mai gidan, dattijuwa da ta haura shekara 80, ta tarar da ni ina ɗaure takalmi a gindin takardar. Ta nuna ta da sandarta ta ce, "Ɗana, kun gaisa da kakan kakana kuwa? Ɓarawon tunkiya ne."

Ta faɗa kanta tsaye, kamar mai cewa kakanta alƙali ne. Na rasa wace fuska zan yi. Na ce, "Mama, tunkiya nawa?" Ta ɗaga yatsa ɗaya.

Daren ranar na ɗauki hoton takardar da waya, na zauna ina faɗaɗa shi kalma kalma. Kwafin shafi ne daga littafin da gwamnatin wancan zamani take rubuta halin kowane fursuna, lokacin da ake kiran tsibirin nan Van Diemen's Land. An rubuta aikinsa: ɗan ƙodagon gona, ya iya huɗa, ya iya askin tumaki. An rubuta cewa yana da mata da 'ya'ya uku. An rubuta sunan manomin da ya yi ƙararsa. Sai hukunci, kalma ɗaya tak ta Turanci wadda ma'anarta ita ce har mutuwa. Daga nan na shiga tone-tone, kuma har yau ban fito ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, ashe mutumin nan sa'a ya yi. A 1741 majalisar dokokin Birtaniya ta mai da satar tunkiya laifin rataya, a 1742 ta haɗa da shanu. Satar doki kuwa tun ƙarni biyu kafin nan igiya ce hukuncinta. Dokar 1741 ta ma bayyana yadda ake satar: a shiga makiyaya da dare, a yanka tunkiya, a feɗe, a bar fata a tafi da nama, ko a farka ciki a kwashe kitse kawai a bar gawar a wurin. Kitsen kyandir ake yi da shi, kuma ba ya ɗauke da tambarin kowa. Har ladan fam 10 dokar ta yanka wa wanda ya kama ɓarawo ya kai shi aka tabbatar masa da laifi. Ka duba wannan lada da kyau. A 1834 'yan ƙodagon gona na ƙauyen Tolpuddle a gundumar Dorset sule 7 suke samu a mako, ana kuma barazanar mayar da shi 6. Fam 10 sule 200 ne. A ƙauyen da kowa ke jin ƙamshin tukunyar maƙwabcinsa, wane ne zai dafa nama ya kwana lafiya?

Na karanta shari'o'i da yawa na kotun Old Bailey ta Landan, waɗanda aka zuba a intanet tun daga na 1674 har na 1913. Labarin kusan iri ɗaya ne. Makiyayi ya ƙirga garke da safe, ɗaya ba ta. Ya tarar da fata da kai da kayan ciki a gindin shinge. Ya bi sawun takalmi a cikin taɓo, ko ɗigon jini, har ƙofar wata bukka. Ɗan sanda ya bincika, ya samu nama a tukunya ko a ƙarƙashin gado, an yanka shi yankan wanda bai iya fawa ba. Sai a kira mahauci ya ɗora cinyar a kan fatar, ya rantse cewa yankan ya dace. Shi ke nan. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, sai dai yawancin waɗannan ko rana biyu ba su samu ba.

Mama ta dage cewa yunwa ce ta sa kakan nata. Wataƙila. Zamanin ya ba da dalili: masu ƙasa sun yi ta samun dokokin majalisa suna killace filayen da a da talakan ƙauye ke kiwon saniyarsa ɗaya da agwaginsa a kai kyauta. Yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815, aka sallami sojoji suka dawo ba aikin yi, a shekarar kuma aka yi dokar hatsi da ta hana shigo da alkama mai araha don kada farashin masu gandu ya faɗi. Ɗan ƙodago yana kiwon ɗaruruwan tumaki, 'ya'yansa suna kwana da burodi da dankali. Amma takardar Mama ba ta ce yunwa ba. Kuma na lura, a ƙasar nan duk wanda ka tambaya, kakansa burodi ɗaya ya sata ko tunkiya ɗaya don ya ci da iyali. Har yanzu ban haɗu da jikan wanda ya kora tumaki 40 cikin dare ya sayar wa mahauci a rabin kuɗi ba, alhali suna nan cikin takardun kotu, su da mahautan da ke saye, da masu rakiyar dabbobi kasuwa da ke ƙara garkensu a hanya. Ban faɗa mata haka ba. Ina son ɗakina.

Dokokin rataya sun haura 200 a farkon ƙarni na 19, amma ba kowa ake ratayewa ba. Alƙali zai yanke hukuncin kisa, sannan a rubuta wa sarki a nemi sassauci, a mai da shi kora zuwa hayin teku. Haka aka yi ta yi har 1832, lokacin da wani ɗan majalisa, William Ewart, ya samu aka soke kisa a kan satar doki da saniya da tunkiya. Sai dai abin da aka sa a madadinsa kora ce ta har abada, kuma alƙali ba shi da ikon ragewa, ko rago ɗaya ne ko garke. A 1837 aka sassauta zuwa tsakanin shekara 10 da 15, ko ɗan zaman kurkuku a gida. Kakan Mama a tsakanin dokokin nan biyu ya faɗo. Da ya riga da 'yan shekaru, da inuwar igiya ya shiga. Da ya ɗan jinkirta, da akwai ranar da doka za ta bar shi ya koma gida.

Ita kanta korar tsohuwar sana'a ce. Daga 1718 Birtaniya ta riƙa jigilar masu laifi zuwa Amurka, musamman Maryland da Virginia, inda ake sayar da ƙwadagonsu ga masu gonakin taba. Kimanin mutum 50,000 aka kai kafin Amurkawa su yi tawaye ƙofar ta rufe. Daga 1776 sai aka koma tara su a cikin ruɓaɓɓun jiragen ruwa da aka ɗaure a kogin Thames, da rana su yashe kogi da sarƙa a ƙafa, da dare zazzaɓi ya ɗebi rabonsa. A 1785 har an yi shawarar a zuba su a wani tsibiri da ke cikin kogin Gambiya a bar su su ji da kansu, kwamitin majalisa ya ce wannan kisa ne da wani suna. Ƙarshe aka tsaya a kan Ostareliya. Jirage 11 suka tashi daga Portsmouth ran 13 ga Mayu 1787 ƙarƙashin Arthur Phillip, da fursunoni fiye da 700, suka kafa sansani inda Sidni take a yau ran 26 ga Janairu 1788. Ayari na biyu, na 1790, an ba wani kamfanin fataucin bayi kwangilarsa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fursunonin a teku suka mutu. Zuwa lokacin da jirgi na ƙarshe, Hougoumont, ya sauke kayansa a Fremantle da ke yammacin Ostareliya a Janairun 1868, an kai mutum kusan 162,000, mata kimanin 25,000 a ciki. Tsibirin nan da nake zaune shi kaɗai ya karɓi fiye da 70,000.

Akwai wani ɗan abu da ya fi duk alƙaluman nan taɓa ni. Fursunan da ke jiran jirgi yakan samu kwabon tagulla, ya goge shi har hoton sarki ya ɓace, sannan a zana sunansa da shekarun da aka yanke masa da 'yar magana ta ban kwana, ya bar wa matarsa ko uwarsa. Gidan tarihi na ƙasa da ke Canberra yana da fiye da 300. Wasu da ƙusa aka ɗiga haruffan, ɗigo ɗigo. Mutum ya kankare fuskar sarkin da ya kore shi ya sa sunansa a wurin.

To ga inda labarin ya juya, inda na ajiye waya na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Me aka kawo ɓarawon tunkiya ya yi a ƙarshen duniya? Kiwon tumaki.

Ƙasar ba ta san tunkiya ba kafin 1788. 'Yan tumakin da ayarin farko ya saya a Afirka ta Kudu yawancinsu ba su yi nisa ba suka mutu. 'Yan shanun ma suka ɓace a daji a shekarar, sai a 1795 aka gano su a hayin kogin Nepean sun zama garke na kusan 60. A 1797 aka shigo da tumakin merino masu laushin ulu, John Macarthur da matarsa Elizabeth da wani fada mai suna Samuel Marsden suka shiga kiwonsu. (Marsden alƙalin ƙaramar kotu ne kuma, har laƙabi ya samu saboda son yanke bulala.) Masaƙun Yorkshire a Ingila suna neman ulu kamar su yi hauka. A 1822 wani jami'i da Landan ta aiko bincike, John Thomas Bigge, ya ba da shawarar a daina tara fursunoni a gari, a rarraba su ga masu manyan filayen kiwo. Kafin 1850 ulun Ostareliya ya ture na Jamus a kasuwar Ingila. Mai garke kuwa idan jirgi ya iso, wa yake nema? Ba ɗan sanen Landan ba, wanda bai san gaban tunkiya da bayanta ba. Ɗan ƙauye yake nema, wanda ya iya karɓar haihuwa da aski da fiɗa. Ana cewa ba a ba kura ajiyar nama. Su sun ba ta, har rububinta suke yi.

Makiyayin fursuna yakan fita da asuba da tumaki ɗaruruwa, shi kaɗai da kare, a filin da ba shinge ko ɗaya, ya dawo da su da magariba a ƙirga. Da dare wani fursunan ya kwana a cikin wani ɗan akwatin katako kusa da garken yana gadi, a babban yankin ƙasar saboda karnukan daji da ake kira dingo. Sai ya yi makonni bai ga baƙuwar fuska ba. Albashi babu. Amma akwai abinci, kuma doka ce ta yanka shi. Ƙa'idar New South Wales, yankin da Sidni take, ta 1831 ta wajabta wa ubangida ya ba kowane fursuna laba 7 na naman shanu ko na tunkiya a mako, wato kilo 3 da ɗoriya, da laba 9 na gari ko 12 na alkama, da ɗan gishiri da sabulu. Na tsibirin nan bai gaza haka ba. Mutumin da aka raba da 'ya'yansa har abada saboda sun ɗanɗani naman tunkiya sau ɗaya, ga shi ana ɗura masa naman tunkiya safe da rana da dare har ya gundure shi. Labarin ya riƙa komawa gida a wasiƙu, har manya a Landan suka fara ƙorafin cewa kora ba ta tsorata talaka.

Kada wannan ya ruɗe ka. Idan aka ƙirga da yamma ba su cika ba, ubangida zai kai shi gaban alƙalin yanki, wanda sau da yawa shi ma mai tumaki ne, maƙwabci ne. Bulala 25 ko 50 ba abin mamaki ba ce a kan sakaci, da bulala mai harshe tara. A takardar Mama akwai layi biyu irin wannan: ɗaya na ɓatar da tumakin ubangida, ɗaya na maye da rashin kunya. Wanda ya sake yin sata kuwa, sai aikin hanya da sarƙa, ko Port Arthur da ke kudu maso gabashin nan, ko tsibirin Norfolk da ko sunansa ba a son ji. A shekarun 1820, zamanin Gwamna George Arthur, an rataye mutane a nan Hobart a kan satar tumaki, laifin da ya kawo wasunsu tun farko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai tambayar da ta fi zama mini a maƙogwaro: filin da tumakin suke kiwo a kai, na wane ne? Akwai mutane a kai tun dubban shekaru. Su ne suke ƙona daji a kan tsari, ciyawa ta fito, kangaru su zo su ci, a farauce su. Wannan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da Turawa suka gani suka ce Allah ya yi ta don tumaki, aikin hannun mutanen ne. Ba a saya ba, ba a yi yarjejeniya ba. A 1825 aka kafa kamfanin Van Diemen's Land da takardar sarki, aka ba shi eka 250,000 a arewa maso yammacin tsibirin nan. Rikici ya tashi tsakanin makiyayansa da mutanen wurin a kan mata. A ƙarshen 1827 'yan asalin ƙasar suka rama da kashe tumaki 118 na kamfanin. A Fabrairun 1828 makiyaya huɗu, fursunoni, suka yi musu kwanton ɓauna a Cape Grim, suka kashe mutum kusan 30, suka jefa gawarwaki daga kan dutse zuwa teku. Ba a gurfanar da kowa ba. Bayan shekara 10, a Myall Creek da ke New South Wales, wasu masu kiwon shanu, kusan dukansu fursunoni da tsofaffin fursunoni, suka ɗaure mutum aƙalla 28, galibi mata da yara da tsofaffi, suka karkashe su da sunan ana taɓa musu shanu. A wannan karon an rataye bakwai a Disamban 1838, kuma Turawan da suka zauna a ƙasar da yawa suka fusata, wai don me za a rataye farare a kan wannan.

Nakan so in tsaya a tausayin kakan Mama in huta, amma abin ya ƙi. Mutumin da doka ta auna shi da tunkiya ta ga tunkiya ta fi nauyi, shi aka ba bindiga aka ajiye a bakin iyaka, shi kuma ya auna wasu da ma'aunin da aka auna shi. Ban ce shi ya yi ba. Babu wannan a takardarsa. Amma irinsa ne suka yi, iyayen gidansu kuma suna gari suna lissafin ulu. Wanda ya ɗauki tunkiya ɗaya an rubuta sunansa da tsawonsa da launin idonsa da tabon jikinsa, littattafan ma UNESCO ta sa su a jerin kayan tarihin duniya a 2007. Wanda ya ɗauki eka 250,000, sunansa yana kan taswira.

Ba kowa ne ya ƙare iri ɗaya ba. Idan ka riƙe takardar dala 20 ta Ostareliya, za ka ga wata tsohuwa da tabarau da hular leshi. Mary Reibey ke nan, marainiya daga Lancashire, wadda ta gudu daga gidan da take aikatau, ta sa kayan maza, ta kira kanta James Burrow, aka kama ta da dokin da ba nata ba. An yanke mata shekara 7, ta sauka Sidni a 1792 tana 'yar shekara 15. Ta yi aure a 1794, mijin ya rasu a 1811 ya bar ta da 'ya'ya bakwai da shaguna da jiragen ruwa, ta riƙe ta ninka. Bankin farko na ƙasar, Bankin New South Wales, a gidanta ya buɗe ƙofa a 1817. Ɓarauniyar doki ce yau take kan kuɗin ƙasa.

Ga kuma John Kelly, ɗan Tipperary a Ailan, wadda a lokacin take ƙarƙashin Birtaniya. Aladu biyu ya sata, aka yanke masa shekara 7 a 1841, ya iso tsibirin nan a farkon 1842. Ya gama wa'adinsa, ya haye Victoria da ke babban yankin ƙasar, ya yi aure, ya gwada noma bai yi nasara ba. A 1865 aka sake kama shi a kan fata da naman dabbar da ya kasa bayanin inda ya samo su, aka ɗaure shi. Ya fito ba lafiya, ya mutu a ƙarshen 1866. Ɗansa Ned ya tashi cikin satar dawaki da gaba da 'yan sanda, ya ƙera wa kansa sulke da bakin garma, aka rataye shi a Melbourne ran 11 ga Nuwamba 1880. Daga aladu biyu zuwa igiya, shekara 39.

Kakan Mama bai zama ko ɗaya daga cikin biyun ba. Tsarin yana da wata 'yar ƙofa, irin ɗaurin talala: takardar da ke ba fursuna izinin yin aikin kansa a cikin gunduma ɗaya, yana kai kansa ana ganinsa lokaci lokaci. A ƙa'ida mai shekara 7 yana iya samunta bayan 4, mai 14 bayan 6, mai rai da rai bayan 8, idan bai tara laifi ba. Daga baya a yi masa afuwa, da sharaɗin kada ya taka Birtaniya. Haka ya samu. Ya ci gaba da askin tumaki, yanzu ana biyansa. Ya auri wata fursuna daga kurkukun aikin mata na Cascades, wanda ragowar bangonsa yana nan a gindin dutsen da ke bayan garin. Daga wannan auren Mama ta fito. Ta ce mahaifiyarta har ta mutu tana cewa kakansu da kuɗinsa ya zo, don a zamaninsu jinin fursuna tabo ne da ake ɓoyewa. Ita ce ta je ma'ajiyar takardu bayan ta yi ritaya ta tono shi.

Na ce, "Mama, matarsa ta farko fa, da yaran uku?" Ta yi shiru tana goge gilashin takardar da bakin rigarta. Ta ce ta yi shekaru tana nema a littattafan coci-coci na gundumarsu. Ta samu baftismar biyu. Matar kuwa ta gan ta sau ɗaya, a jerin waɗanda ake ba sadakar gwamnatin ƙauye, daga nan sawu ya ɓace. A takardar da ke bango, sunan mai tunkiya ya fito cikakke, har da sunan ƙauyensa. Yaran kuwa lamba ce kawai, 3.

Ranar Lahadin da ta biyo baya ta gasa cinyar rago da dankali, kamar yadda suke yi a nan. Ta ɗauki wahala ta shiga bas har wurin mahaucin da ke yanka irin wanda nake ci. Da ta ajiye farantin a gabana sai ta laluba aljihun rigar girkinta, ta fito da wata 'yar takarda ta shimfiɗa kusa da cokalina. Ta ce, "Ci, ɗana. Wannan saye na yi. Ga rasit."